Ɗora wa keke ƙaramin injin fetur: abin da zai yi da abin da ba zai yi ba

Tambaya: Ina da keken ƙarfe mai ƙafa inci 26, sannan na samu injin na'urar yankan ciyawa, ƙarami, yana tashi lafiya lau. Wani ya ce in yi waldar injin a jikin keken, in ja kaca daga bakin injin kai tsaye zuwa ƙafar baya. Hakan zai yi? Ko gara in sayi injin da ake ƙerawa musamman don keke? Kuma wane irin gudu zan samu?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da kake son yi yana yiwuwa, kuma manyan kamfanoni ma ta nan suka faro. A 1946 Soichiro Honda ya fara sana'ar babura ne da ɗora wa kekuna ƙananan injinan janaretan rediyon soja da suka yi saura a Japan bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A shekarar ce aka fara sayar da VéloSoleX a Faransa, keke mai ɗan inji a saman tayar gaba, kuma a lokacin ne Ducati ta Italiya ta shiga ƙera Cucciolo, inji mai cc 48 (cc shi ne ma'aunin girman cikin inji) da ake ɗaura wa keke. Don haka kada kowa ya kashe maka gwiwa. Sai dai shawarar da aka ba ka tana da gyara a wuri biyu, wato waldar da kuma jan kaca kai tsaye. Bari mu fara da kacar, don a nan ne lissafin aikin gaba ɗaya yake.

Injin yankan ciyawa ba shi da ƙarfin ja, gudun juyi ne da shi. Irin waɗannan injinan, masu cc 25 zuwa 43, ba sa ba da ƙarfinsu sai sun kai wajen juyi 7,000 a minti ɗaya. Ita kuwa ƙafar keke mai inci 26, duk juyi ɗaya tana cin ƙasa mita 2 da 'yan kai, a ce 2.07. To ka ɗauka ka sa ƙaramar giya mai haƙora 10 a bakin injin, ka sa faranti mai haƙora 44 a ƙafar baya. Injin zai juya sau 4.4 kafin ƙafa ta juya sau ɗaya. Raba 7,000 da 4.4, ka samu kusan juyi 1,590 a minti. Ninka da mita 2.07, ka ga ana neman keken ya yi kusan kilomita 200 a awa. Injin da ƙarfinsa bai wuce na doki ɗaya ko biyu ba, ina zai kai wannan? Abin da zai faru shi ne, kana murɗa totur injin zai yi gurnani ya kasa ɗaukar juyi, kulocin cikinsa ya yi ta sulɓi yana zafi har ya ƙone, keken kuma yana nan tsaye ko yana jan ciki.

Abin da kake buƙata shi ne injin ya juya kusan sau 20 kafin ƙafa ta juya sau ɗaya. A haka juyi 7,000 zai ba ƙafa juyi 350 a minti, wato kilomita 43 a awa. In injin ƙarami ne sosai, ko kai mai jiki ne, ko hanyarka akwai hawa, ka kai shi sau 25, gudu ya dawo wajen kilomita 35 amma ya samu ƙarfin tashi. Matsalar ita ce kaca ɗaya ba za ta ba ka wannan ba, don sai ka nemo faranti mai haƙora 200. Shi ya sa masu haɗa irin wannan suke sa sandar tsakiya mai zama a kan boris biyu: kaca ta farko ta taso daga inji zuwa babbar giya a kan sandar, ta biyu ta tashi daga ƙaramar giya a ɗaya gefen sandar zuwa ƙafar baya. In kowane mataki ya rage sau 4.5, ka samu 20 da ɗan ɗori. Aiki ne mai kyau, amma yana son mai injin sassaƙa ƙarfe da haƙurin saiti. Ban cika ba wanda zai yi karon farko shawarar ya fara da shi ba.

Ga injin da ke hannunka, hanya mafi sauƙi ita ce irin ta VéloSoleX, wato ɗan gungumen ƙarfe mai kaushi da ke juyawa yana murza taya. Ana ɗora injin a bayan sirdi, a kan ƙarfe mai ƙarfi da ke iya ɗagawa da sauka, gungumen ya kwanta a saman tayar baya. Daɗin wannan tsari shi ne girman ƙafar keke bai shiga lissafi ba, kaurin gungumen kaɗai ke yanke gudu. Mai kaurin santimita 3 yana tura taya santimita 9.4 a kowane juyi, a juyi 7,000 ka samu kusan kilomita 40 a awa. Mai santimita 2.5 zai ba ka wajen 33, kuma ya fi hawa tudu. Ka lura da abubuwa uku. Gungumen ya samu boris nasa a kowane gefe, don ba a ƙera sandar injin yankan ciyawa don ɗaukar danni daga gefe ba, in ka bar mata nauyin za ta cinye boris ɗin cikin inji. Sannan ka tayar da injin ka ga ta ina yake juyawa kafin ka yanke ƙarfe ko ɗaya, domin gungumen da ke saman taya juyinsa kishiyar na ƙafa ne, kuma wannan ne zai gaya maka ko a dama injin zai rataya ko a hagu. Na uku, taya mai sulɓin baya ake sa wa, ba mai ƙuraje ba, a ba ta iska sosai, gungumen ya nutse cikinta kamar milimita 5. Aibinsa a fili yake: yana cin taya, kuma da an yi ruwa ko an shiga taɓo sai ya riƙa sulɓi. In ka duba injinka ka ga ba shi da kuloci, dole ka yi hannun da zai ɗaga gungumen daga kan taya duk lokacin da za ka tsaya.

Kada ka yi sha'awar injin famfon ruwa ko babban janareta, irin mai cc 196. Nauyinsa kaɗai ya kai kilo 15, ƙarfinsa kuma ya fi abin da firam da wayoyin ƙafar keke za su ɗauka.

Amma in abin hawa kake so na yau da gobe, ba gwajin basira kawai ba, ni injin da aka ƙera don keke zan ce ka nema. Wanda ya fi yawa a duniya shi ne mai bugu biyu, wato irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, ɗan ƙasar Sin, wanda aka kwaikwayo daga tsoffin injinan keke na Tarayyar Sobiyet. A kwali za ka ga an rubuta cc 80, amma faɗin fistinsa milimita 47 ne, in aka yi lissafi cc 66 ne ko 69. Akwai kuma ƙaraminsa mai cc 49. Shi wannan inji an riga an yi maka rabin lissafin a cikinsa: akwai giya mai haƙora 20 da ke juya mai haƙora 82, ragin sau 4.1 ke nan, sannan giyar kaca mai 10 da farantin baya mai 44 su ƙara sau 4.4. Jimla sau 18. A juyi 6,000 za ka yi kilomita 41 a awa. In ka sa faranti mai haƙora 36 za ka taɓa 50, amma tashi zai yi nauyi, tudu kuma sai ka taimaka da feda. Mai 44 ɗin nan da ya zo da shi, shi za ka yi amfani da shi. Akwai kuma mai bugu huɗu, cc 49, wanda ba a haɗa masa fetur da baƙin mai, ya fi shiru, ya fi daɗewa, amma ya fi faɗi da nauyi, har sai an canza sandar feda zuwa mai faɗi kafin ƙafarka ta wuce shi.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma shi ne ba ka tambaya ba. Duk wanda ya zo da wannan magana hankalinsa na kan inji, alhali injin shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Keken ne abin dubawa. An ƙera shi don mutum mai tuƙi da ƙafa, yana tafiyar kilomita 15 zuwa 20 a awa, ba girgiza. Kai kuma za ka ƙara masa nauyin wajen kilo 10, ka ninka gudunsa, ka sa masa abin da zai riƙa kaɗa shi sau dubbai a minti. In gudu ya ninka sau biyu, nisan da kake buƙata kafin ka tsaya ba ninki biyu yake yi ba, ninki huɗu yake yi. Birkin da ke tsayar da kai cikin mita 3 a gudun kilomita 20, sai ya ci mita 12 a gudun 40, in ma bai yi zafi ya saki ba.

Saboda haka ka fara da birki tun injin yana ƙasa. Birki biyu, gaba da baya, kowanne da wayarsa. Na gaba shi ke yin mafi yawan aikin tsayawa, don nauyi gaba yake komawa in an taka. In kekenka irin mai birkin feda ne, wanda ake mayar da feda baya, kada ka dogara da shi shi kaɗai: yana zafi a gangara, kuma ranar da kacar feda ta zame ba ka da birki ko kaɗan. Birkin roba a kan rim ɗin ƙarfe mai sheƙi shi ma da ya jiƙe kusan ba ya kamawa. Mai faifai ya fi, in babu, a samu mai dogayen hannuwa da ke matse rim ɗin alminiyam, da sababbin robobi. Wani abu kuma, hannun kuloci a hagu yake zama, inda hannun birki yake. Mutane da yawa sai su cire birki ɗaya don su samu wuri. Kada ka yi haka. Ko ka jera su biyun, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ko ka nemi hannu guda mai jan waya biyu ka sa a dama.

Ƙafar baya ita ce ta biyu. Wayoyinta 36 su kasance cikakku, a ɗaure daidai, ƙafar ba ta rawa. Wayoyin keke na yau da kullum kaurinsu milimita 2 ne, akwai masu 2.6, su suka fi dacewa. Ka buɗe cibiyar ƙafa ka wanke boris ka cika sabon giris, gaba da baya. Madogarar taɓo ta gaba kuwa, wato 'yar rumfar da ke saman taya tana tare taɓo, ko ka cire ta ko ka ƙara mata ƙarfen riƙo mai kauri. Girgiza tana karya ɗan siririn ƙarfen da ke riƙe da ita, ta faɗa kan taya ta naɗe, ƙafar gaba ta tsaya cak kana cikin gudu. Wannan yana cikin munanan haɗurran da ake samu da irin waɗannan kekuna, kuma abu ne da za a kawar cikin minti goma.

Mu dawo kan walda. Jikin injin alminiyam ne, firam ƙarfe ne, ba sa haɗuwa da walda. Ko ƙarfen zama za ka yi wa walda a jikin firam, ka sani bangon bututun keke bai fi kaurin milimita ɗaya da ɗan abu ba. Waldar lantarki tana huda shi, inda bai huje ba kuma ya yi rauni, girgiza ta zo ta tsaga shi daga gefen waldar. Huda firam da na'ura don a zura noti shi ma haka. Ɗaurewa ake yi da maɗauri mai zagaye bututu. In injin da aka ƙera don keke ka saya, wanda a kansa sauran bayanin nan yake, kuma bututun gaba ya fi bakin mazaunin injin kauri, a yanka farantin ƙarfe mai kauri, a ɗaure shi a jikin inji, shi kuma a ɗaure shi a firam da noti mai siffar U. Kekenka na ƙarfe ne, wannan ya yi daidai, domin ƙarfe ya fi alminiyam jure girgiza, kuma yakan nuna tsaga kafin ya rabu. Injin ya zauna a cikin kusurwar firam, mazauninsa na baya ya kwanta sosai a jikin bututun sirdi, ba gefe ɗaya ya taɓa ɗaya na lilo ba. Za a ce maka ka naɗa robar tsohon tub a tsakani don rage girgiza. Ban yarda da wannan ba. Roba tana ba injin damar motsi, kaca na jan sa gefe, notocin zama su yi ta lanƙwasa har su karye. Ƙarfe ya taɓa ƙarfe, a ɗaure tamau. Notocin da ke zuwa da injin ma yawanci masu taushi ne, ka canza su da masu lamba 8.8 a kai, ka ɗiga musu maganin hana kwancewa, irin shuɗin nan.

Ɗaura farantin baya shi ne inda za ka zauna ka natsu. Yawanci ana matse shi ne a jikin wayoyin ƙafa da zoben roba biyu da noti tara. Ka sa notocin duka sako-sako, ka juya ƙafar kana kallon haƙoran farantin daura da wani abu tsayayye, ko da ɗan karan da ka ɗaure a firam ne. Za ka ga yana rawa iri biyu: sama da ƙasa, da kuma gefe da gefe. Na sama da ƙasa ana gyara shi da ɗan bugu da guduma ta roba har ramin tsakiya ya daidaita da cibiya. Na gefe kuma da ɗaurin noti, kaɗan-kaɗan, wannan sannan na daura da shi, ba bi da bi a zagaye ba. Kada ka tashi sai rawar ta koma kamar milimita ɗaya. Farantin da ya karkace shi ke sa kaca ta yi tauri a wani wuri ta saki a wani, daga nan sai zamewa da karyewar wayoyi. In ka samu maɗaurin da ke kama cibiyar ƙafa kai tsaye maimakon wayoyi, ya fi wannan nesa ba kusa ba.

Ka tsaya a bayan keken ka runtse ido ɗaya: giyar inji da farantin baya su kasance a layi ɗaya, kaca ba ta gogar taya ko firam. Sakinta a tsakiya ya zama kamar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a auna a inda ta fi tauri. Ɗan makullin da ke haɗa bakin kaca, rufaffen gefensa ne ke fuskantar inda kaca ta nufa. Sai ɗan gargaren da ke ɗame kaca, wanda ake maƙalawa a ƙarfen firam na ƙasa kusa da ƙafa. Wannan abu ka sa masa ido fiye da komai. In ɗaurinsa ya yi sanyi, kaca tana jan sa ya juya ya faɗa cikin wayoyin ƙafa, ƙafar baya ta kulle nan take. In za ka iya rage tsawon kaca ta zauna daidai ba tare da shi ba, ka huta. In dole ne, a yi masa doguwar mariƙa da ta kama ƙarfen ƙasa da na sama duka, yadda ba shi da hanyar juyawa ciki.

Tanki sabo ka ɗauraye shi da ɗan fetur kafin ka ɗaura, akwai tsatsa da ɓurɓushin ƙarfe a ciki. Ka sa matata a tiyon mai, tiyon kuma ya yi nesa da kan silinda da salansa. Kafireta ta zauna kusan a miƙe, bakinta ya shige sosai a matse, don in iska na shiga ta nan injin zai riƙa ihu shi kaɗai yana zafi. Wayoyin wuta launi da launi ake haɗawa, shuɗi da shuɗi, baƙi da baƙi, farar kuma a naɗe bakinta a ajiye. Wasu suna jan fitila da ita, amma tana rage wa fulogi wuta, gara fitila mai batir. Maɓallin kashe inji ya kasance inda babban yatsanka zai kai ba tare da ka saki hannu ba, kuma ka gwada shi tun kafin ka hau titi.

Mai bugu biyu ba shi da wurin zuba baƙin mai, abin da ka haɗa a fetur shi ne kaɗai ke jiƙa fistin da boris. Man da aka yi don inji mai bugu biyu za ka nema, ba na mota ba. Takardar da ke zuwa da injin takan ce kashi 16 na fetur da kashi 1 na mai a farko. Da mai mai kyau, 25 da 1 ya isa a tankunan farko, wato mililita 40 a lita ɗaya, daga baya a koma 32 da 1, kimanin mililita 31 a lita. A galan daban ake haɗawa a girgiza, ba a cikin tanki ba. Tazarar bakin fulogi milimita 0.6 zuwa 0.7.

Tayarwa: buɗe mai, ɗaga cok, wato ɗan hannun da ke rage wa kafireta iska, riƙe kuloci, tuƙa feda har keken ya ɗauki gudu, sannan ka saki kuloci a hankali kana ci gaba da tuƙi. Da ya kama, ka mayar da cok. A fili za ka yi wannan, kada ka taɓa barin inji yana aiki a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa yana kisa ba tare da mutum ya ji wari mai tayar da hankali ba. Tankuna uku ko huɗu na farko ka bi shi a hankali, kana sauya gudu, ba ka murɗe totur har ƙarshe na dogon lokaci. Bayan 'yan tafiye-tafiye ka kwance fulogi ka duba bakinsa. Ruwan ƙasa-ƙasa shi ake so. Baƙi mai danshi, fetur ya yi yawa, sai ka ɗaga ɗan makullin allurar kafireta mataki ɗaya zuwa sama, allurar ta sauka. Fari fat kuwa fetur ya yi kaɗan, kuma shi ne mai haɗari, don haka fistin ke kamewa. A doguwar gangara kada ka rufe totur ka bar ƙafa tana jan inji, domin ba fetur ke nan ba mai, alhali yana juyi da sauri. Ka riƙe kuloci, ka riƙa ɗan murɗa totur jefi-jefi.

Gudun da ka tambaya, tsakanin kilomita 30 zuwa 45 a awa ne gwargwadon inji da lissafin giya, kuma a ganina 35 ya ishi duk wani firam na keke. Ta fuskar doka, ƙasashe sun bambanta, amma da yawa sun sa iyaka a cc 50. A Tarayyar Turai, misali, abin da bai wuce cc 50 da kilomita 45 a awa ba ƙaramin babur ne a idon doka, wanda ya haura haka kuma babur ne cikakke. Ka tambayi hukumar kula da ababen hawa ta inda kake game da rajista, lasisi da inshora kafin ka sayi inji, don amsarsu tana iya sa ka zaɓi mai cc 49. Hular kwano ta babur za ka sa, da safar hannu da rufaffen takalmi, ƙafar wando ta hagu kuma a ɗaure ta saboda kaca.

A makonnin farko, duk lokacin da za ka fita ka bi notocin zaman inji, na farantin baya, na gargaren kaca, na salansa da na ƙafafu da sifana, injin yana sanyi. Notocin kan silinda su ma sukan saki bayan zafin farko, a ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan, ba da ƙarfin tsiya ba don jikin alminiyam ne. Ka riƙa shafa yatsa a firam kusa da mazaunin inji da wajen wuyan keke. In ka ga fenti ya tsage a siririn layi, ko tsatsa ta fito a layi ɗaya, ka sauke injin, wannan firam ɗin ya gama aiki.